Matar da Ta Ɗaure Hannun Kanta

Ranar Talatar da ta wuce na tafka wautar da ko sabon ɗauka ba zai yi ba. Na shigo sito da safe, tabarauna na can gida a kan firij, na zauna gaban kwamfuta zan shiga. Gurbi biyu ne, na sama na suna, na ƙasa na kalmar sirri. Ni kuwa sai na juye kalmar sirrina kaf a gurbin suna, na danna maɓalli da ƙarfi kamar mai buga hatimi. Na'ura ta ce ba ta san wannan bawan Allah ba. Sai da na kai hancina jikin gilashi na ga abin da na rubuta ɓaro-ɓaro: matata ta fi ƙarfina.

A asibitin da nake riƙe da sito shekara goma sha tara, ba a taɓa kwamfuta a tafi haka nan. Wanda ya shiga, wanda ya canza wani abu, wanda ya gwada shiga aka hana shi, kowa layi guda ake rubuta masa a rajista, da lokaci, da lambar na'ura, da sunan da ya kira kansa. Kuma duk ƙarshen wata mutum uku ke zama su karanta jerin waɗanda aka hana. Ɗaya daga cikinsu babbar nas ce, aminiyar matar tawa tun suna makaranta.

Na haura bene biyu ban tsaya hutu ba, abin da rabona da shi tun ina da ƙugu. A ƙarshen baranda akwai wani ɗan ɗaki marar taga, mai sanyi kamar cikin randa. Na'urori uku ne a cikin kejin ƙarfe suna ƙifta korayen fitilu, sai tebur, sai filas ɗin shayi, sai matar da muke kira Malama Ba-Izini, cikin rigar sanyinta mai ruwan toka wadda ba ta san rani ba, ba ta san damina ba.

Na ce, "Malama, ki rufa mini asiri. Layi ɗaya ne tak."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Amsar da ta ba ni ba za ta yi ma'ana ba sai an san ko wace ce ita, don haka bari in bar kaina a bakin ƙofa ina haki. Labarin daga bakinta na tsinto shi, gutsure-gutsure, cikin shekarun da muka yi muna raba shayi ɗaya.

Ita ce babba a cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsu mai gyaran rediyo ne, kuma aikinta na farko a duniya shi ne riƙe masa farantin da yake zuba ƙananan notuna. In ya kwance takwas, sai ta ƙirga takwas sun koma. Ya rasu Auta na da shekara biyu, Umma ta shiga ɗinki don a ci abinci, ita kuwa ta ɗauki Auta ta saka a baya. Da goyon take zuwa koyon buga takardu, yarinyar na barci a bayanta, ita tana neman haruffa da yatsa biyu. Daga buga takardu ta koma kwamfuta. Tana da shekara ashirin da shida aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibiti, aka damƙa mata abin da masu aikin ke kira babban makulli, wato shigar da ke buɗe komai, ta canza komai, ta goge komai.

Wata rana bayan azahar babban likitan wurin ya shigo ofishinta ya maida ƙofa. Dattijo ne mai kirki, shi ya sa hannu aka ɗauke ta. Ya rubuta wa wani majinyaci magani fiye da kima, ya farga bayan an riga an bayar, ya koma ya gyara rubutun. Rajista ta nuna rubutun farko, ta nuna gyaran, ta nuna lokacin. Layi uku. Bai ɗaga murya ba, bai yi mata barazana ba. Cewa ya yi, "'Yata, ki taimaki tsoho." Ta ce abin da ya fi ci mata rai har yau shi ne sauƙin abin. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Shayinta bai huce ba ta gama.

Da rajista ta nuna likita daidai ya rubuta, laifi ya gangara kan nas ɗin da ta yi allurar. Bayan mako guda suka haɗu a bakin get, matar na rungume da kwali mai ɗauke da takalman aikinta da kofinta. Ta tsaya ta dafa ta, ta ce, "Ƙanwata, sai wata rana. Allah ya yi miki albarka, kin sha taimakona da kwamfutar nan." Ba ta san komai ba. Malama ta nemi matar daga baya, aka ce ta bar garin.

Da ta zo wurinmu aka sake ba ta babban makulli, abu na farko da ta yi shi ne ta nemi hanyar da makullin ba zai ƙara kaiwa ga rajista ba.

Ga yadda ta fayyace mini, ni mai kan sito. A tsarin da aka saba, mai abu shi ke da ta cewa a kan abinsa, mai babban makulli kuma shi ke da ta cewa a kan kowa. A tsarinta, doka ce a sama, rubutacciya a cikin na'urar kanta. Kowane abu da tambarinsa, kowace manhaja da nata, kuma duk abin da doka ba ta ce an yarda ba, an hana. Ba a tambayar girmanka. Sannan akwai wata ƙaramar manhaja da take kira Masinja. Aikin Masinja ɗaya ne: da an rubuta layi ya ɗauka ya kai wata na'ura a wani gini can ƙetaren gari, hannun wasu mutane da ba sa karɓar umarni daga shugabanmu. Dokar da ta rubuta wa Masinja ba ta cika shafi biyu ba. Yana iya karanta rajista. Yana iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, mai lamba ɗaya. Ba ya rubutu, ba ya gogewa, ba ya tsayawa hira da kowa a hanya, kuma ba mai saka hannu a jakarsa, har ita. In ta taɓa dokar, wannan ma layi ne, Masinja zai kai.

Shugaban asibiti ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ni ma?"

Ta ce, "Kai ne na farko, ranka ya daɗe. Ni ce ta biyu."

Sunan Ba-Izini daga nan ya samo asali. Abokan sana'arta suna da wata ɗabi'a da ta tsana: in doka ta tare wani aiki, sai su sassauta ta gaba ɗaya, su ce na minti biyar ne, sai bayan shekara a tarar ƙofa a buɗe. Ita gara ta kwana uku tana bin diddigin abin da aka tare, ta rubuta masa izini layi guda, daidai girmansa. Cikin kwana ukun nan likitoci su zage ta a lif, masu magani su zage ta a kantin abinci, ni kuma in zage ta a gabanta, don na fi su tarbiyya. Ba ta taɓa sassautawa ba.

A shekararta ta bakwai tare da mu Auta ta gama karatu, ta ci jarrabawar ɗaukan ma'aikata, ta shiga ɗakin gwajin jini a bene na ƙasa. Ranar da ta fara saka farar riga Malama ta sauko sau huɗu, wai duba wayar kwamfuta ta zo yi. Babu abin da ya sami wayar.

Wata Alhamis da sassafe mutanen ƙetare suka sauya na'urarsu, suka canza lambar ƙofa, suka manta ba su sanar ba. Masinja ya je tsohuwar ƙofa ya tarar babu kowa. A irin wannan hali yakan tara layuka a jaka ya jira. Sai dai jakar ƙarama ce, kwana ɗaya da rabi take ɗauka, in ta cika na ƙasa ne ke fara zubewa, wato mafi tsufa. Malama ta san da haka. Takarda uku ta rubuto tana neman babban faifan ajiya. Takardun uku suna cikin durowata, ƙarƙashin kwalin biskit.

A wannan safiyar ce aka musanya sakamakon gwajin sukari na mutum biyu. Wani dattijo direban bas, da ya zo da ciwon ƙafa, aka yi masa allurar da ba tasa ba. Ya sume kafin la'asar. Aka sa kwamiti zai zauna Litinin, da tambaya ɗaya: a ɗakin gwaji aka shigar da sakamakon ba daidai ba, ko nas ce ta karanta na wani gado? Mutum biyar ne a ɗakin gwaji ran nan. Amsar na cikin jakar Masinja, a can ƙasa, kuma abin da ya isa ƙetare kaɗai kwamiti ke karɓa.

Juma'a ƙarfe tara sabuwar lambar ta iso mata. Jaka ta kai kashi tamanin cikin ɗari. Ta lissafa, wajen ƙarfe huɗu za ta cika. Ta jawo kujera za ta rubuta izinin, aikin minti goma, sai aka turo ƙofa.

Auta ce, idanunta jawur. Ta maida ƙofa kamar yadda wani ya taɓa maidawa shekaru goma sha biyu da suka wuce.

"Yaya, sakamako arba'in da wani abu na shigar jiya da safe. Na'ura ɗaya ta tsaya, mutane sun cika benci. Wallahi ban sani ba ko ni ce."

"To ki faɗa musu haka."

"In ni ce, korata za su yi. Wata tara kacal na yi."

"Kin san ba na iya taɓa rajista."

"Na sani. A gida ba ki da hira sai ta Masinja da jakarsa." Ta share fuska da hannun riga. "Ban ce ki goge komai ba, Yaya. Cewa na yi ki je ki ci abinci. Ki daɗe."

Malama ta ce a nan ta gane ta gina katanga ta ko'ina, ta manta da wuri ɗaya. Ta hana hannunta gogewa, amma ba ta da dokar da za ta tilasta masa yin sauri. Ba ita ta canza lamba ba. Ba ita ta hana faifai ba, ga takardunta uku shaida. In jaka ta zube ƙarfe huɗu, ko kwamiti ya duba ta da fitila ba zai ga laifinta ba.

Ta ce wa Auta ta koma bakin aiki. Ba ta rubuta izinin ba.

Goma da rabi Umma ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Ni ban san kwamfuta ba. Abin da na sani, ke kika goya ta. Ranar da ta yi zazzaɓin nan ke kika ruga da ita asibiti ba takalmi. Ki duba ta, shi ke nan abin da zan ce."

"Umma, akwai wata yarinyar a ciki, nas ɗin da ta yi allurar."

"Ita ma tana da nata yayyen. Su ji da ita."

Ta ajiye waya ta zauna tana kallon lamba na hawa. Tamanin da biyar. Tamanin da bakwai. Ta ɗauko filas ta ajiye ba ta zuba ba. Da azahar ta yi, ta sauko sito.

"Mai Sito, faifan nan ya zo?"

Na san yanzu abin da take nema. Da faifan ya zo, da ta faɗaɗa jaka, babu abin da zai zube, ta sami kwana biyu ta yi magana da Auta da Umma a tsanake. Ni ban san komai ba. Na ce, "Yana hanya, Malama, da ƙafa yake zuwa, kuma yana da ciwon gwiwa." Na jira dariya. Ta dube ni, ta dubi durowata, ta fita. A rayuwata na yi barkwanci a wuraren da ba su dace ba, amma wannan na nan a gaba-gaba.

Daga sito ba ta hau sama ba, ɗakin marasa lafiya ta nufa. Direban na kwance da robobi a hanci, matarsa na zaune a gefen gado tana riƙe da hularsa. A baranda, bakin ofishin babbar nas, wata matashiyar nas na tsaye tana jiran a kira ta, tana murza igiyar katin aikinta a yatsa, ta warware, ta sake murzawa. Da ta ga Malama ta ɗan rusuna.

"Anti, sannu da aiki. An ce kwamfutarku na rubuta komai, ko? To alhamdu lillahi. Ni dai abin da na gani a allo shi na yi."

Malama ta ce ta dubi ƙafar yarinyar, fararen takalman aiki, ta ga za su shiga kwali daidai.

Biyu da minti arba'in ta koma ɗakinta. Jaka na tasa'in da huɗu. Tana da izinin karanta rajista, tana iya buɗewa ta ga ko sunan wa ke jikin layin kafin ta yi komai. Ba ta buɗe ba. Na tambaye ta dalili daga baya, ta ce, "In na duba na ga ba ita ba ce, zan aika ina murna, in ɗauka ni mutuniyar kirki ce. In na ga ita ce, ban san abin da hannuna zai yi ba. Na riga na san shi, ya taɓa yi."

Ta rubuta layi guda: Masinja na iya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza. Ta cire tsohuwar lambar, don ko a wannan ranar ba ta yarda a bar ƙofa biyu ba. Ta karanta sau biyu. Ta danna. Koriyar fitila ta shiga rawa, lamba ta fara gangarowa, tasa'in, saba'in, arba'in. Minti shida jaka ta koma wayam. Ta zauna da hannuwanta a cinya, cikin sanyin nan, har masu shara suka zo.

Litinin kwamiti ya karɓi rajista daga mutanen ƙetare. Alhamis, goma da minti goma sha bakwai, na'ura ta huɗu. Sunan Auta.

An dakatar da ita wata shida, aka ce in ta dawo ba za ta koma teburin gwaji ba. Ba ta dawo ba. Direban ya farfaɗo a kwana na uku, amma hannunsa na hagu ya riƙa rawa, bai sake riƙe sitiyari ba. Nas ɗin ta koma aiki ran Talata. Tana nan har yau, ta yi aure, ta haihu biyu, kuma ba ta san akwai wata Juma'a da aikinta ya rataya a kan ko wata mata za ta daɗe wurin cin abinci ba. Malama ta ce kada ta sani.

A gida, Umma ta yi wata guda ba ta wuce "lafiya" in an gaishe ta. Auta kuwa wata goma sha huɗu. Suna haɗuwa a gidan Umma, ɗaya na shiga kicin ɗaya na fita. Malama ba ta taɓa ba ta haƙuri ba, ba ta kuma taɓa cewa ita ce da gaskiya ba. Abin da na lura, ta daina saukowa duba waya a bene na ƙasa, ko da wayar ta lalace da gaske. Ta koma ta ƙara wa dokarta abu ɗaya: in jaka ta wuce rabi, saƙo ya tafi ga mutum uku, ba ita kaɗai ba. Faifan ma ya zo. Da kaina na kai shi sama.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa mata ƙofar gida. Auta ce, da tsohuwar kwamfutar hannu a hammata. Ta miƙa ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Yaya, ta ƙi buɗewa." Malama ta karɓa ta ce, "Shigo, rana." Iyakar sulhun ke nan, babu wanda ya ƙara kalma a kai. Yanzu Auta na koyar da gwaje-gwaje a wata makaranta, kuma an ce ɗalibanta na ƙorafi, wai tana sa su karanta sunan jikin kwalba da ƙarfi har sau biyu kafin su rubuta komai.

Malama ta haura hamsin yanzu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Rigar sanyin dai ita ce. Har yau ana zaginta a lif.

To wannan ce matar da na tsaya a ƙofarta ran Talata, ina riƙe da ƙirji, ina roƙon ta goge mini layi ɗaya. Na ƙara da cewa babbar nas in ta gani, kafin magariba labari ya isa gidana, kuma daga ranar ba ni da sauran baki ko a kan tashar talabijin. Na ce ai ni da ita an daɗe, shayi nawa muka sha tare. Na ce ko ba za ta goge ba, ta ɗan jinkirta Masinja.

Da na faɗi wannan na ji bakina ya yi nauyi, don na tuna. Sannan ta juya ga allo, ta nemo layin, ta karanta shi a hankali, kalma-kalma, kamar mai duba takardar magani.

Ta ce, "Masinja ya kai tun kana hawa bene na farko. Wadda na goya a bayana ban jinkirta mata ba, sai kai da wannan tumbin? Je ka canza kalmar. Kuma ka kwantar da hankalinka, Mai Sito, shekara goma sha biyar ina tsaron rajistar nan, naka ne layi na farko da ba ya buƙatar bincike."